Hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya kan ma'anar "mace": ina ya ajiye ki a wurin aiki?

"Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikaciyar kula da tsofaffi ce, shekarata biyu a wani gida a Ingila. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan wace ce mace, wurin aikinmu ya rabu biyu, wasu na murna wasu na kuka. Akwai wata da muke aiki tare, an ce namiji aka haife ta. Mutuniyar kirki ce wallahi, amma ni ba na iya cire kaya a gabanta a ɗakin sauya kaya. Ga kuma wata tsohuwa da nake kula da ita ta ce ita mace kaɗai take so ta yi mata wanka. Ina tsoron in yi magana a kore ni. Don Allah mene ne asalin rigimar nan, kuma wa ke da gaskiya a doka?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, sannu da aiki. Abu uku kika ƙunsa a tambaya ɗaya: daga ina rigimar ta taso, me alƙalai suka faɗa, sannan ke da tsohuwar nan da abokiyar aikinki, kowacce ina doka ta ajiye ta. Tun da wuri in faɗa miki iyakata. Ni lauya ce mai aikin rigingimun ma'aikata a Ingila, ba likita ba ce, ba kuma malamar fiƙihu ba. Abin da addini ya ce a kan sauya halitta kin san inda za ki tambaya. Ni dokar ƙasar da ake biyan ki albashi a cikinta zan warware miki.

Mu fara da kalma, domin a nan kan zaren yake. A Hausa "jinsi" ɗaya gare mu. Turawa kuwa kalma biyu suke da ita: ɗaya tana nufin halittar jikin da aka haifi mutum da ita, ɗayar tana nufin yadda mutum yake jin kansa da yadda yake rayuwa cikin jama'a. Shekara da shekaru ana cakuɗa su, har a cikin dokoki, ba wanda ya damu. Ranar da aka ce to idan biyun suka saɓa a jikin mutum ɗaya wacce doka za ta bi, ran nan ƙura ta tashi.

Kada ki haɗa wannan da mata-maza, wanda malaman fiƙihu ke kira khunsa har suka yi masa babi a rabon gado. Shi an haife shi ne da halittar da ba ta fito sarari ba. Ba kuma daidai yake da 'yan daudun da kika sani a gida ba, domin ɗan daudu ko ya yi rangwaɗa a bakin tukunya, ba ya zuwa gaban hukuma ya ce a sauya masa takardar haihuwa. Waɗanda ake magana a kansu a nan halittarsu ta fito sarari, amma suna cikin ƙunci mai tsanani da ita, ƙuncin da likitocin ƙasar suka sani har suka sa masa suna. Wasu suna shan magungunan sinadaran jiki, wasu a yi musu tiyata, wasu suna da sutura kawai suke sauyawa. Ba su da yawa: ƙidayar Sikotland ta 2022 ta same su ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na 'yan shekara 16 zuwa sama.

Yadda doka biyu suka yi karo

A 1970, a shari'ar auren Corbett, wani alƙalin Ingila mai suna Ormrod ya yanke cewa jinsin mutum a wajen aure shi ne wanda aka haife shi da shi, tiyata ba ta sauya shi. A haka aka zauna fiye da shekara 30. Sai a 2002 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg, a ƙarar da Christine Goodwin ta kai, ta ce Birtaniya ta tauye haƙƙin waɗannan mutane da ta bar su a tsakiya, rayuwarsu ta nuna abu ɗaya takardunsu na nuna wani. Daga nan majalisa ta yi dokar 2004, wadda ta ba mutum damar neman takardar shaidar sauya jinsi. Sharuɗɗanta ba wasa ba ne: sai ya cika shekara 18, sai likitoci sun tabbatar da ƙuncin, sai ya yi shekara biyu yana rayuwa a sabon jinsin, sai ya yi rantsuwa cewa a haka zai zauna har mutuwa, sannan wani kwamiti ya duba. Tiyata ba ta cikin sharuɗɗan, ki riƙe wannan. Sashe na 9 na dokar ya ce wanda ya sami takardar, jinsinsa ya zama sabon ta kowace fuska, amma ƙasa kaɗan a wannan sashen aka ƙara cewa sai dai in wata doka ta tanadi akasin haka. A cikin shekara 20 takardun da aka bayar ba su kai dubu 10 ba.

Sai ga Dokar Daidaito ta 2010, wadda ita ce rumfar da ke kanki a wurin aiki. Ta lissafa abu tara da aka haramta nuna wa mutum bambanci saboda su. Akwai launin fata da asali, akwai addini, akwai naƙasa, akwai ciki da jego, akwai jinsi, akwai kuma sauya jinsi a matsayin abu mai zaman kansa. Kariyar sauya jinsi ba ta buƙatar takarda ko magani, ko niyya mutum ya bayyana ta rufe shi. Dokar ta kuma yarda a keɓe wa mata wuraren kansu, irin su ɗakin kwanciya a asibiti, mafakar matan da suka gudo daga dukan miji, da ɗakin sauya kaya, matuƙar akwai dalili mai kyau kuma ba a wuce gona da iri ba. Da ta zo fassara kalmar "mace" kuwa sai ta ce mace ita ce mace ko shekarunta nawa, ta yi shiru. Ba ta faɗa ko mai riƙe da takardar 2004 ya shiga ciki ba. A wannan ramin kowa ya faɗa.

Me ya sa aka yi shekaru ba hayaniya, sai daga baya? Saboda a 2017 gwamnatin Firaministar Birtaniya Theresa May ta nuna niyyar sassauta sharuɗɗan, a cire likita, mutum ya bayyana jinsinsa da bakinsa kawai. Ajantina ta yi hakan a 2012, Ireland a 2015. Masu goyon baya suka ce tsarin da ake da shi wulaƙanci ne, baligi ya riƙa tara takardun likita don wani kwamitin da bai taɓa ganin sa ba ya gaya masa ko shi wane ne. Ƙungiyoyin mata da dama kuwa suka ce, tsaya: in takarda ta zama ta kowa, kuma takardar ce mabuɗin ɗakunan mata, to me ya rage na keɓewar? A 2020 gwamnatin Landan ta janye, ta dai rage kuɗin nema daga fam 140 zuwa fam 5 a shekarar da ta biyo.

Sikotland, yankin Birtaniya mai majalisar kansa, ita ce ta ci gaba. A Disambar 2022 majalisarta ta amince da ƙuri'a 86 a kan 39 cewa a cire likita, a sauko da shekaru zuwa 16, a mayar da shekara biyun nan wata uku ga baligai. A Janairun 2023 gwamnatin Landan ta tare dokar da sashe na 35 na dokar da ta kafa majalisar Sikotland, makamin da ba a taɓa zarewa ba sai ran nan. A cikin wannan watan kuma wata kotu a Glasgow ta sami wani da laifin yi wa mata biyu fyaɗe, wanda bayan an tuhume shi ne ya fara rayuwa a matsayin mace, aka fara kai shi gidan yarin mata na Cornton Vale. Ƙasa ta ɗauka, cikin kwanaki aka mayar da shi na maza. Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotland a lokacin, 'yan jarida suka tsare ta da tambayar shin wannan mace ce ko namiji, ta kasa ba da amsa ɗaya. A Fabrairu ta sanar da sauka, ko da yake ta ce ba wannan ne dalili ba. Shari'ar mutum ɗaya ce, kuma zalunci ne a shafa wa dubban mutane kashin kaji saboda ita. Amma ta nuna wa jama'a cewa tambayar da ake cewa ta masu neman fitina ce tana iya zuwa har ƙofar kurkuku.

Abin da alƙalai suka ce

Abin dariya, shari'ar da ta kai ga hukuncin ba a kan banɗaki ko kurkuku ta faro ba, a kan kujerun shugabanci ce. Wata dokar Sikotland ta 2018 ta sa burin mata su riƙe rabin kujerun hukumomin gudanarwa na ma'aikatun gwamnati. Gwamnati ta ce mai takardar 2004 mace ce a wannan lissafin. Wata ƙungiya mai suna For Women Scotland ta ce a'a. Ta sha kaye a kotunan Edinburgh a wannan gaɓar, ta ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Ranar 16 ga Afrilun 2025 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka haɗu baki ɗaya cewa a Dokar Daidaito ta 2010, "mace" da "namiji" da "jinsi" halittar haihuwa suke nufi, ko da takarda ko babu. Ɗaya daga cikinsu, Lord Hodge, shi ne ya karanta hukuncin.

Hujjarsu ba ta ilimin halittu ba ce, ta karatun doka ce, kuma nan ne mutane ke kuskure. Cewa suka yi kalma ɗaya a doka ɗaya dole ta ɗauki ma'ana ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Sai suka bi dokar sashe-sashe suna gwadawa. Sashen ciki da jego "mace" ya ce. In takarda ake bi, wadda aka haifa mace ta karɓi takardar zama namiji sannan ta yi ciki, ta fita daga kariyar ke nan, alhali ita ce mai cikin. Sannan takardar sirri ce, dokar 2004 ta mayar da shi laifi wanda ya san da ita ta hanyar aikinsa ya fallasa. To mai kula da mafakar mata ta yaya za ta bambance mutum biyu masu kama ɗaya, ɗaya da takarda ɗaya babu, alhali ba ta da hanyar sani? Da suka tara irin waɗannan, sai suka ce fassarar takarda tana mayar da dokar abin da ba ya aikatuwa.

Yanzu ga abin da ba su ce ba, kuma shi ne rabin da masu murna a wurin aikinku suka tsallake. Ba su soke dokar 2004 ba, takardar na nan da aikinta a wajen aure da takardar haihuwa. Ba su cire kariyar sauya jinsi ba: korar abokiyar aikinki, ko hana ta ƙarin girma, ko tsangwamar ta saboda yadda take, haram ne a doka yau kamar jiya. Lord Hodge da bakinsa ya ja kunne cewa kada a ɗauki hukuncin a matsayin nasarar wani ɓangare a kan wani. Ba su kuma zauna sun tsara wa kowane asibiti da kanti yadda zai yi da banɗakinsa ba. Wannan sai Hukumar Daidaito da Haƙƙin Ɗan'adam ta shigo, ta fitar da bayanin wucin-gadi kwanaki kaɗan bayan hukuncin, tana cewa wurin da aka ware wa mata ba na wanda aka haifa namiji ba ne, amma kuma kada a bar kowa babu inda zai shiga.

Masu kuka ma suna da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne. Na farko, a shari'ar da ta shafi rayuwarsu kai tsaye, kotu ba ta saurari ko mutum ɗaya mai sauya jinsi da kansa ba. Victoria McCloud, tsohuwar alƙaliya wadda ita ma ta sauya jinsi, ta nemi a ji ta bakinta aka ƙi. Na biyu, sun ce majalisa ta yi musu alkawarin "kowace fuska" a 2004, yanzu an cire fuskar da ta fi muhimmanci a rayuwar yau da kullum, an kusa mayar da su tsakiyar da kotun Strasbourg ta ce kada a bar su. Na uku ya fi ɗaure kai. Wadda aka haifa mace ta sha magani har ta yi gemu da muryar maza, a fassarar kotu mace ce, amma hukuncin ya yarda ana iya hana ta wurin mata saboda kamanninta. To ina za ta nufa?

Ɗakunan ba ɗaya ba ne

In kin tambaye ni ra'ayina, babban kuskuren ɓangarorin biyu shi ne neman amsa ɗaya ga ƙofofi da yawa. Kurkuku daban, filin tsere daban, banɗakin tasha daban.

Inda mace ba ta da zaɓin fita, ko za ta tuɓe, ko ta gudo ne daga hannun namiji, hujjar keɓewa da halitta tana da ƙarfi ƙwarai. Mafakar mata ta farko a Ingila an buɗe ta a Chiswick a 1971, mata ne suka gina abin da hannunsu saboda ba wanda ya yi musu. Na taɓa zuwa irin wannan gida ɗaukar bayanin wata mata da nake wakilta. Muna zaune a kicin, ta riƙe kofin shayi da hannu biyu, sai mai gyaran famfo ya yi magana a baranda. Ba ihu ya yi ba, tambaya ya yi ina makunnin ruwa. Shayin ya zube mata a cinya, ba ta ma ji zafin ba, idonta na kan ƙofa. Mun yi kusan rabin awa kafin ta iya ci gaba. Wannan matar ba ƙiyayyar kowa ke damun ta ba, jikinta ne ya haddace wani abu. Duk wanda ya ce mata ta koyi haƙuri da murya irin wannan a ɗakin kwananta bai san abin da yake faɗa ba.

Wasanni ma haka. Mafi saurin lokacin da aka taɓa yi a tseren mita 100 na maza daƙiƙa 9.58 ne, na Usain Bolt a 2009. Na mata 10.49, na Florence Griffith-Joyner tun 1988. Wannan tazarar balagar namiji ce ke gina ta a tsawo da ƙashi da tsoka, shi ya sa aka raba rukunin tun asali. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta rufe rukunin mata ga wanda ya yi balagar maza a Maris 2023, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta bi sahu daga 1 ga Yunin 2025.

Banɗakin kasuwa da na ofis kuwa, nan nake ja da baya. Ba mai tsayawa a bakin ƙofa da takardar haihuwa, don haka abin da zai faru shi ne a riƙa yanke hukunci da ido, kuma ido yana ƙarya. Doguwar mace mai faɗin kafaɗa da gajeren gashi ita za a fara tarewa. Wata da ta zo ofishina, ta haura shekara 50, ta fi shekara 20 tana rayuwa a matsayin mace, tana aikin ɗaura kaya a wani babban sito. Bayan hukuncin aka ce ta daina shiga na mata. Na maza kuwa tsoro take ji, kuma shigarta can tamkar shela ce ga mutanen da ba su taɓa sanin tarihinta ba. Banɗakin naƙasassu ɗaya ne, yana can wani gini. Dabarar da ta yi ita ce ta daina shan ruwa tun asuba har ta tashi aiki, awa 10. Leɓɓanta a bushe suke ranar da ta zauna gabana, na miƙa mata ruwa ta ce sai ta isa gida. Maganin matsalarta bai kai kuɗin da kamfanin zai kashe a kan lauyoyi ba: ɗaki ɗaya mai kulle daga ciki, kowa ya shiga shi kaɗai. Sau da yawa abin da ake kira rikicin aƙida, da kin duba sai ki ga rowar mai gini ce.

Ke, da tsohuwa, da abokiyar aikinki

Ta tsohuwa ta fi sauƙi. Ba a taɓa jikin mai hankali sai da yardarsa, wannan tushe ne a dokar kula da marasa lafiya a Ingila, kuma ƙa'idojin 2014 da hukumar CQC ke duba gidajenku da su sun wajabta kiyaye mutunci da bin zaɓin wanda ake kulawa da shi. Tana da ikon cewa mace take so, kuma bayan hukuncin 2025 zai yi wa gida wuya ya ce mata ai wannan ma mace ce a takarda. Sai dai ikon ƙi ba ya nufin dole a samo mata mace a kowane dare in ma'aikata sun yi ƙaranci, abin da ke kan gidan shi ne ya yi iya ƙoƙarinsa ya tsara. Aikinki a nan ɗaya ne: ki rubuta buƙatarta a kundin kulawarta da kalmominta, ki sanar da shugabar sashe. Ba ke za ki je ki tare abokiyar aikinki ki ce kada ta shiga ɗakin ba. Rabon aiki na manaja ne, ki bar masa kayansa.

Ɗakin sauya kaya kuma wata doka ce ta daban ke riƙe da shi, ƙa'idojin lafiya da walwalar wurin aiki na 1992. Su suka ce a ware wa maza da mata wurin sauya kaya inda kunya ta buƙaci haka, banɗaki ma a raba sai in kowanne ɗaki ne mai kulle na mutum ɗaya. Kotun Ƙoli ba wannan dokar ta fassara ba, shi ya sa lauyoyi suka yi ta jayayya a kan ko ma'anar ta bi ta, kuma ma'aikatan jinya a Fife ta Sikotland da Darlington ta Ingila sun kai irin ƙorafinki gaban kotun ma'aikata. Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne su nemi abin da suke buƙata, kada su nemi a hukunta wani. Rubuta wa manaja gajeren saƙo: saboda addinina da kunyata ba na iya sauya kaya sai a keɓe, ina roƙon a ba ni wuri mai kulle ko a tsara lokaci. Kada ki sa sunan kowa. Buƙata irin wannan tana tsaye a kan ƙafa biyu, jinsi da addini, kuma duk biyun suna cikin taran nan. Idan aka hukunta ki don kin yi ƙorafin da ya shafi Dokar Daidaito da zuciya ɗaya, wannan ma laifi ne mai zaman kansa a kan mai aikin.

Game da tsoron kora: a Yunin 2021, a shari'ar Maya Forstater, kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta yanke cewa imanin cewa jinsi halitta ne kuma ba ya sauyuwa imani ne da doka ke karewa. Ba za a kore ki don kina da shi ba. Amma wannan hukuncin ya faɗa ƙarara cewa ba lasisin tsangwamar kowa ba ne. Tsakanin riƙe ra'ayi da jifan mutum da shi akwai iyaka, kuma a nan na fi ganin mutanenmu suna faɗawa. Kin ce "an ce" namiji aka haife ta. Wannan "an ce" ɗin shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a saƙonki. Kada ki ɗauke shi ki kai gaba, ko a ɗakin shan shayi, ko a zauren WhatsApp na 'yan gida da kike ganin ba mai jin Hausa. Na ga hoton irin wannan hirar an fassara shi an ajiye a gaban kwamitin ladabtarwa, mai ita tana rantsuwa wasa take yi.

Sai batun yadda za ki kira ta. Mu Hausawa harshenmu bai bar mana mafaka ba, sau da yawa in za ki yi wa mutum magana sai kin zaɓi "kai" ko "ke". Turanci a nan ya fi sauƙi, kalmar da ake fuskantar mutum da ita ɗaya ce ga kowa. Ki kira ta da sunan da ke jikin katin aikinta, ki gaishe ta kamar kullum. Na lura ma a saƙonki "ita" kika yi ta cewa ba tare da wani ya tilasta ki ba, kika kuma shaide ta da kirki. Dokar da ta hana manaja ya ce ki cire hijabi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ita ce dai ta hana a wulaƙanta ta, a shafi ɗaya aka jera ku. Ranar da kika taimaka aka raina sashenta, kin koya wa manajan cewa jerin nan abin wasa ne, kuma sunanki na ciki.

Wani abu da ban so ki manta: in bizarki a hannun gidan nan take, kora a wurinki ba daidai take da kora a wurin 'yar ƙasa ba. Da zarar an sanar da ma'aikatar cikin gida, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara. Don haka kome a rubuce, cikin ladabi, ki ajiye kwafi a wayarki ba a kwamfutar aiki ba. Ki nemi a ba ki rubutacciyar manufar gidan a kan ɗakunan sauya kaya, ki duba ranar da aka sabunta ta, domin wurare da yawa suna nan da takardun da aka rubuta kafin Afrilun 2025. In ba ki cikin ƙungiyar ƙwadago, shiga yau, irin su Unison suna ɗaukar ma'aikatan kula da tsofaffi, kuma galibi ba sa karɓar rigimar da ta riga shigar mutum. Ban ga takardar ɗaukarki aiki ba, ban ji ta bakin manajanku ba, don haka abin da na faɗa shimfiɗa ce, ba shawarar da za ki shiga kotu da ita ba. In abu ya kai ga takardar gargaɗi, kada ki sa hannu a ranar, ki ce za ki karanta. Ki kira Acas, hukumar sasanta rigingimun aiki, kyauta ne, kuma dole sai an bi ta kanta kafin a shigar da ƙara. Wa'adin shigarwar 'yan watanni ne kacal, kuma daga ranar da abin ya faru ake fara ƙirga, ba daga ranar da kika gama shawara da 'yan'uwa ba.